Gwajin Azahar a Rumfar Inna Kulu

Ku da kuke shigowa rumfata da waya a hannu, kuna nuna mini bidiyo kuna cewa, "Inna, ai haɗa kwamfutar gem ba wani aiki ba ne, kowane abu da raminsa," ku matso ku zauna. Tambayar da kuka fi yi mini ita ce ta obakulok, wato matsa wa inji ya ƙara gudu: a ƙara kuɗi a yi shi, ko a bari? Bakina ya gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, ina da 'ya'ya huɗu na koye shi, sai ku yi haƙuri da shi. In kun ga ina dariya a tsakiyar magana kuma, akwai dalili, za mu zo wurin.

Aikin farko da hannuna ya taɓa a wannan sana'a, da allura na yi shi. A lokacin zoɓo nake sayarwa, ina bin shagunan Sama Road da kula a ka. Akwai shagon Malam Shehu mai gyaran kwamfuta, wani dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya. Nakan tsaya a ƙofarsa ina haɗa baƙaƙen da ke jikin kwalaye don in gwada karatuna. Wata rana na same shi ya dafe kai. A cikin gurbin da ake zaunar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, akwai wasu ƙananan ƙafafu na ƙarfe, sirara kamar gemun masara, guda uku sun lanƙwashe. Idonsa ba ya kama su. Ni kuwa tun ina budurwa nake ɗinkin hula.

Na ce, "Malam, ko in gwada?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke mai zoɓo, wanga ba ɗinkin hula na ba."

"Awo, Malam. Amma ai allurar ɗaya ce."

Na zare allura daga bakin ɗankwalina, na riƙe numfashi, na ɗaga ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da furosesa, ya danna, fanka ta juya, allo ya kawo haske. Malam ya sha zoɓo kofi biyu a tsaye. Sai da zan tafi ya ce, "Gobe ki taho da allurarki, ki bar kular gida." Maigidana ya yarda, da sharaɗin kada in kwance masa rediyo. Sati bai cika ba na kwance ta.

Shekara uku na yi a gabansa. Kayan aikin da na fita da su har yau su ne a teburina: sukurdireba mai maganaɗisu, mitar auna wuta, buroshin fenti mai laushi, abin busa iska, da allurata. Shi ya koya mini in taɓa ƙarfe kafin in taɓa madabod, wato babban faifan da komai ke zama a kansa. Shi ya koya mini sa man sanyi a bayan furosesa, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake. Ku kuwa in aka ba ku man nan, shafa shi kuke kamar bota a burodi, har ya malalo ta gefe, sannan ku kawo mini ku ce ba ku san abin da ya faru ba.

Amma babban abin da na gada a wurinsa shi ne gwajin azahar. A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, ba sili, taga ɗaya ƙarama. Duk injin da aka haɗa, ba ya zuwa hannun mai shi sai an shigar da shi ɗakin nan bayan sallar azahar, an ɗora masa aiki mai nauyi, an rufe ƙofa, ba a buɗe ba sai an kira la'asar. In ya kai la'asar bai daskare ba, bai mutu ba, to ya ci gwaji. Malam yakan ce, "Injin da bai san azahar ɗin Sakkwato ba, baƙo na. Ba ni ba mutum baƙo." Da Malam ya bar aiki ya koma gona, shagon ya dawo hannuna, har da ɗakin, shi ne rumfar nan tawa. Abu ɗaya na ƙara: in lokacin sanyi ne, sai in kunna rishon lantarki a lungun ɗakin, nesa da injin, har ma'aunin zafin da ke bango ya kai inda yake kaiwa a bazara. Maƙwabtana masu shago har leƙowa suke su ce, "Inna, yau wace miya ake wa kwamfuta?"

To, mene ne obakulok ɗin? Masu ƙera furosesa sun ba shi takun da zai yi. Kai kuma sai ka shiga saitin ka ce ya ƙara sauri, ka ƙara masa wuta don ya iya. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta san abin da ƙarin wuta ke yi wa gindin tukunya. Kuma ba kowane inji ke yarda ba. Sai ka sayi furosesan da aka bari a buɗe, ya fi tsada. Sai madabod ɗin da ke ɗaukar wannan wasa, shi ma ya fi tsada. Sai babbar fanka mai haƙarƙarin ƙarfe, ko ta ruwa. Sai akwatin wuta mai ƙarfi. Kafin ka farga, abin da ka ƙara ya isa ya ɗaga ka zuwa katin hoto na gaba, wato abin da ke zana hoto a allo, alhali a yawancin gem katin hoton ne ke ɗaukar babban kaya. Abin da za ka samu kuwa, 'yar lambar nan da ke kusurwar allo, mai nuna hotuna nawa ke wucewa, ita ce za ta ɗan hau. Ita ce samari ke kallo kamar sakamakon jarrabawa.

Inji biyu na fara haɗa wa Umaru, su suka jawo shekarar da nake son ba ku labari. Umaru ɗan gidan mahauta ne a Ƙofar Dundaye, da safe yana kan teburin nama, da rana yana gidan gem ɗin da ya buɗe a Tudun Wada. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, in ya shigo rumfata sai na danne ƙananan sukurori kada su faɗi. Na haɗa masa biyun nan ba kwalliya, baƙin akwati, fanka mai kyau, katin hoto gwargwadon ƙarfinsa. Suka ci gwaji, ya kwashe. Gidan ya karɓu, ya ce zai ƙara huɗu, kuma kula da su duka a hannuna. A lokacin shi ne babban kwastomana, kuma duk samarin unguwar abin da Umaru ya yi suke yi.

Sai ga Tukur ya dawo daga kudu ya buɗe shago a layinmu, daidai shigowar sanyi. Yaro ne mai ladabi, yana gaishe ni har ƙasa, kuma ya san aiki, kada in ci haƙƙinsa. Amma injinansa! Akwati na gilashi, fitilu ja da kore da shuɗi suna zagayawa kamar gidan biki. Ya ajiye ɗaya a ƙofa, ya yi masa obakulok, lambar kusurwa tana tsalle, samari sun yi cincirindo suna ihu.

Rannan Umaru ya faɗo rumfata ko sallama bai gama ba.

"Inna Kulu! Kin ga abin da yaron ga shika yi? Injin na tashi sama! Huɗun ga haka nika son su."

"Zauna, ɗana. Ka sha ruwa?"

"Ba ruwa nika so ba, wuta nika so!"

Na ce ya ba ni kwana biyu. Na aro kayan da ake buƙata, na haɗa ɗaya, na matsa masa kamar yadda Tukur ke yi. A rumfa, cikin sanyin safiya, lafiya lau, har ni sai da na ce kai. Bayan azahar na shigar da shi ɗaki na kunna risho. Ban gama ninke sallaya ba allo ya daskare. Na sassauta na sake gwadawa. Ya ɗan jima, sai ya fara rage gudu da kansa don ya huce, har ya koma ƙasa da inda ya fara. Na kira Umaru na nuna masa.

Ya dubi risho, ya dube ni, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Inna, ke kika dafa shi! Wa zai kunna risho gidan gem?"

"Allah zai kunna maka nashi, in watan huɗu ya kama."

"Haba Inna. Na Tukur kullum a kunne yake, bai taɓa tari ba."

"Cikin sanyi ya haɗa shi, cikin sanyi ya gwada shi. Ka bari in sa kuɗin a katin hoto da abin daidaita wuta. Wannan kam ba zan ba ka shi da hannuna ba."

Bai yi fushi ba, shi Umaru ba ya fushi. Cewa ya yi, "To ga yadda za a yi. Huɗun ga Tukur zai haɗa. Naki biyu suna nan. Washegarin Sallah ina da gasa. Wanda injinansa sunka fi, shi ka riƙe gidan duka." Ya ajiye mini ƙullin tsire ya fita yana dariya.

Daga ranar kamar an share layin rumfata da tsintsiya. Samari suka raɗa mini suna Inna Sannu-Sannu. In na wuce sai in ji ana cewa, "A ba ta hanya, ba ta son gudu." Wani ya leƙo ya tambaye ni ko ina gasa masara a ɗakin baya. Wata uku abin da ke zuwa mini bai wuce madannin kwamfuta da aka zubar wa shayi ba, da linzaminta da igiyarsa ta tsinke. Na je gida na sauko da tsohuwar kulata daga saman kwaba, na wanke, na koma dafa zoɓo ina ajiyewa a ƙofar rumfa. Abin dariyar, samarin da ke layi a shagon Tukur su ne masu saye. Na faɗa wa maigidana cewa in gidan Umaru ya fita hannuna bayan Sallah, zan miƙa makullin rumfa in koma zoɓon gaba ɗaya. Ya ce, "To kafin nan dai ki haɗa mini rediyona."

Azumin shekarar ya faɗo cikin bazara sosai. Ku 'yan Sakkwato ne, ba sai na faɗa muku ba: irin zafin da ruwan randa ke yin ɗumi, kujerar babur ta gagari zama. Cikin azumin gidan gem ɗin ba ya cika da rana, don haka ba wanda ya lura da komai. Sai washegarin Sallah.

Ina zaune a rumfa wajen ƙarfe uku, ina zuba wa wata mata zoɓo, sai ga babur ya ci birki har yana jan ƙasa. Umaru ne, cikin sabuwar shadda, ta jiƙe sharkaf ta manne masa a baya, hularsa a karkace.

"Inna! Ɗauko jakarki! Sun mutu!"

"Innalillahi! Su wa?"

"Injinan! Ɗaya ma har da ƙauri!"

"Kai Umaru, ka riƙa faɗin abu da kyau, ka tsinka mini gaba."

Na ɗauki jakar kayan aiki, na bi shi a Keke Napep. Tun daga bakin layi nake jin hayaniya. Ɗakin cike da samari cikin kayan Sallah, kowa na gumi, fankar sama na juya iska mai zafi. Da na kai idona kan injinan Tukur, sai na tsaya na dafa ƙofa, don dariya ta kusa kayar da ni.

Ga abin da ya faru. Gasa ta fara bayan azahar, ba a jima ba injinan huɗu suka fara daskarewa ana tsakiyar wasa. A kashe a kunna, su sake. Samari suka fara ihu. Shi kuwa Umaru mahauci ne, abu ɗaya ya sani game da zafi: in nama zai lalace, ƙanƙara ake sa masa. Ya aika aka kwaso manyan sandunan ƙanƙara daga wurin da suke ajiyar nama. Ya cire gilashin gefen kowane inji, ya jingina sanda guda a bakinsa cikin faranti, ya juyo da fankar ƙasa tana hura sanyin ciki. Bai tsaya nan ba. Ya jiƙa buhunan algarara ya lulluɓa a saman akwatunan, yadda ake yi wa tulu. Ga fitilu ja da kore suna walƙiya ta ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu, ga ƙamshin nama na tashi. Wallahi kamar an kawo sadakar kwamfuta.

"Kuma ya yi aiki, Inna!" in ji Umaru, yana rantsuwa. "Na ɗan lokaci sun miƙe!"

"Sun miƙe mana. Sannan buhu ya fara ɗiga, fanka ta fara feso musu ruwan ƙanƙara. Ku kashe wuta. A zare kowace waya daga bango, yanzu."

A can lungu kuwa, baƙaƙen injinana biyu suna ta aikinsu, ba wanda ya sa musu ko tsumma. Duk gasar ta koma kansu, layi har waje.

Tukur na durƙushe gaban wanda ya yi ƙauri, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da ya gan ni ya miƙe. "Inna, wallahi ban ce a sa ƙanƙara ba. Na je cin abinci na dawo na tarar. Saitin kuwa yadda mutumin ya yi a bidiyo haka na yi, ban ƙara ko ɗaya ba."

"Na yarda, ɗana. Nuna mini bidiyon."

Ya ciro waya. Ga wani Bature a ɗakinsa yana bayani, injinsa na gefe. Na ce ya tsayar.

"Mene ne wannan a jikinsa?"

Tukur ya duba. Samari suka matso suna leƙe ta kafaɗarsa. Wani daga baya ya ce, "Rigar sanyi ce!"

"A cikin ɗaki," na ce. "Da rana."

Ɗakin ya ɗauki ihu. Umaru ya zauna a ƙasa cikin ruwan ƙanƙara da sabuwar shaddarsa yana dariya yana buga cinya. Tukur ma sai da ya rufe fuska da hula.

Muka duƙufa ni da Tukur. Na miƙa masa sukurdirebata, nasa ya ɓace cikin hayaniya. Biyu daga cikin huɗun ruwa bai kai cikinsu ba, buhun ne kawai ya jiƙa bayansu. Muka goge, muka duba da fitila lungu-lungu, muka mayar da saitin yadda masu ƙera su suka bar shi, muka ja su daga jikin bango don su sha iska. Na uku ya sha ruwa kaɗan, na ce kada wanda ya kunna shi sai ya kwana uku a buɗe ya bushe. Na huɗu madabod ɗinsa ya tafi, sai addu'a. Kafin la'asar ta yi nisa inji huɗu na aiki, gasa ta ci gaba.

Wasan ƙarshe ya faɗo kan ɗaya daga cikin masu gilashin. Wanda ya zauna a kai wani dogon saurayi ne, Bashar, shi ne ma ya fara kirana Sannu-Sannu. Yana waje yana shan iska lokacin da muka sauke saitin, bai san an taɓa komai ba, lambar kusurwa kuma na kashe ta. Ya yi wasansa ya ci, ya miƙe tsaye yana buga ƙirji, ya shafa akwatin ya juyo wurina.

"Inna, kin gani ko? Wagga ita ce obakulok! Tashi takai! Da naki na hau da tuni an cire ni."

Tukur ya dubi ƙasa, yana danne dariya. Umaru ya cusa bakin hularsa a baki.

Na ce, "Allah ya ƙara sauri, ɗana."

Da yamma Umaru ya rako ni har bakin titi, ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin gidan gem ɗin na biyu ya ba ni. "Duka shidan naki na, Inna. Har da gawar." Washegari kuma ga cinyar rago an aiko gida. Makullin rumfa bai bar jakata ba. Kular zoɓon ma ban mayar da ita saman kwaba ba, don na ga tana da nata kwastomomin.

Kada ku ce na ce obakulok haramun ne. Na yi wa wani mai haɗa bidiyon biki, ɗakinsa da na'urar sanyaya ɗaki da sola, aikinsa kuma irin wanda ƙwaƙwalwar injin ke ɗauka ne, ya ga amfaninsa. Amma kai da za ka ajiye injinka a ɗakin kwano a Tudun Wada, wuta na zuwa tana ɗaukewa, ka sa kuɗinka a katin hoto, da fanka mai kyau, da abin da zai kare ka daga hawa da saukar wuta. Idonka ba zai ga bambancin ba. Na Bashar ma bai gani ba, har yau kuma ba wanda ya faɗa masa, don Allah ku ma kada ku faɗa.

Tukur yanzu duk injin da ya haɗa, da kansa yake rungumo shi ya kawo ɗakin bayana bayan azahar. Shi ya sayo mini sabon risho da tsohon ya ƙone.

Wanda kuma ya karanta duk wannan ya ce shi dai sai an yi masa, to ba na musu da kowa, ban iya ba. Ya zo bayan azahar. Na sa kujera a ɗakin, kusa da tebur. Zan matsa wa injin yadda yake so, in shigar da su su biyu, in ja ƙofa. In sun kai la'asar tare, ya ɗauki abinsa. Yawanci dai mai injin ne ke fara ƙwanƙwasa ƙofa, yana cewa, "Inna, buɗe, a bar shi yadda yake. Akwai sauran zoɓo?"